Batutuwan da Mulhidai ke Jerawa a Shirye-shiryensu na Murya: Mu San Su Tun Ba Su Iso Gidajenmu Ba

  

A watan da ya wuce mun tashi daga darasin nahawu, kowa ya watse, sai wani ɗalibinmu ɗan ajin tarminal ya tsaya yana jujjuya salularsa a hannu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da nake so in nuna muku, amma ina jin tsoro." Muka ce masa, "Zauna ɗana, ba a tsoron malami a kan tambaya." Sai ya kunna mana wani shiri na murya da harshen Faransanci, wanda wani abokinsa ya turo masa a fadarsu ta shan shayi. Masu shirin mulhidai ne, wato masu musun samuwar Allah, kuma aikinsu sukar addinai. A ƙarshen shirin mai gabatarwa ya roƙi masu sauraro su aiko masa da batutuwan da suke so a taɓa nan gaba, har ya karanta waɗanda aka riga aka aiko.

Muka sa yaron ya maimaita wurin, muka ɗauki alƙalami muka rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Da muka duba takardar sai muka ga abu biyu. Na farko, kusan babu tambaya ɗaya a ciki da malamanmu na da ba su tattauna ba. Na biyu, kusan babu ɗaya da muka taɓa zama muka karantar da yaranmu a kanta. Wannan na biyun shi ya hana mu barci, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Mene ne wannan shiri, kuma daga ina ya fito?

Abin da suke ce wa fodkas hira ce da ake naɗa a ɗora a intanet, kamar dai kaset ɗin wa'azin da muka saba da shi a da, sai dai shi ba ya bukatar shago ko mai sayarwa. Mutum biyu da makirfo ɗaya sun isa. Irin na mulhidai ya yi ƙarfi ne a Amurka da Turai. Tun 1997 akwai wani shirinsu a garin Ostin na jihar Tekzas, inda masu addini ke bugo waya ana jayayya da su kai tsaye. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kasuwarsu ta buɗe sosai. Sam Harris ya fitar da littafinsa a 2004, Richard Dawkins da Daniel Dennett a 2006, Christopher Hitchens a 2007. Littafin Dawkins har an fassara shi da Larabci ana yaɗa shi kyauta. Da farko akasarin sukarsu a kan Kiristanci ne, don shi ne addinin ƙasashensu. Daga baya aka samu waɗanda suka tashi a gidajen Musulmi suka buɗe nasu da Larabci da Faransanci da Ingilishi.

Mai irin wannan shiri kowane mako sai ya samo abin faɗa, shi ya sa yake bara wajen masu sauraro. Batutuwan kan zo masa ta hanya huɗu: labarin wanda ya bar addini, ko aya da hadisin da aka yanko daga muhallinsu, ko wani mugun abu da masu addini suka aikata ya shiga labarai, ko muhawara da wani mai addinin da bai shirya ba. Daga nan sai a yanko minti biyu mafi zafi a watsa a WhatsApp da TikTok. Yaronmu ba ya jin awa guda na hirar, wannan guntun yake ji. Kuma na'urar an gina ta ne ta riƙa kawo maka irin abin da ka tsaya ka saurara. Ka ji ɗaya yau, gobe ta kawo maka uku.

Tambayoyin ba sababbi ba ne

Kada wani ya ɗauka ilhadi da salula ya zo. Aya ta 24 ta Suratul Jasiya ta ba da labarin mutanen da ke ganin babu wata rayuwa bayan ta duniya, kuma shuɗewar zamani ce kawai ke kashe mutum. Daga kalmar zamani a Larabci aka sa musu suna Dahriyya. A ƙarni na uku na Hijira, a Bagadaza, an yi wani Ibnur Rawandi da ya rubuta littattafan sukar annabci, malamai irin su Al-Khayyaɗ suka mayar masa da martani a rubuce. Shi ma shahararren likitan nan Abubakar Ar-Razi an ruwaito ya yi jayayya a kan bukatar annabawa, aka zauna aka yi muhawara da shi. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira, wato 1111, ya kasa masu falsafa gida uku a cikin Al-Munƙiz, ya sa Dahriyya a gidan farko. A 1881 Jamaluddin Al-Afgani ya rubuta raddinsa ga Dahriyya yana ƙasar Indiya. A 1937 wani marubuci a Masar mai suna Isma'il Adham ya buga ƙasidar bayyana dalilin ilhadinsa, aka amsa masa da alƙalami. Shi kuwa Dakta Mustafa Mahmud, likita ɗan Masar, da kansa ya ratsa ta cikin shakka ya dawo, ya rubuta labarin tafiyar tasa, ya kuma yi shekaru yana gabatar da shirin ilimi da imani a talabijin.

Abin lura shi ne waɗannan malamai ba su toshe kunnuwansu ba. Sun kawo hujjar abokin jayayya cikakkiya, sa'an nan suka amsa. Mu ma da muka duba takardarmu sai muka ga batutuwan sun rabu kashi uku, kuma kowane kashi da irin maganinsa. Wanda ya haɗa su ya ba su magani ɗaya, to zai yi ɓarna.

Kashi na farko: tambayoyin hankali

Ta farko a jerin ita ce: in komai na da mahalicci, to wa ya halicci Allah? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya faɗa cewa mutane za su kai ga wannan tambaya, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ya koya wa wanda ta zo masa a matsayin waswasi ya nemi tsari ya daina bin ta. Wanda kuwa aka kawo masa ita a matsayin hujja, to malaman tauhidi sun ba shi amsa. Mu ba mu ce kowane samamme yana da mahalicci ba. Cewa muka yi kowane fararre, wato abin da da babu shi sa'an nan ya samu, shi ke bukatar mai samar da shi. Ga misali daga kasuwa. Ka je rancen jikka ɗaya wurin wani, ya ce ba shi da ita sai ya ranto wurin maƙwabcinsa, maƙwabcin ma ya ce sai ya ranto wurin wani, haka dai babu iyaka. In babu wani a can ƙarshe mai kuɗin kansa, jikkar nan za ta taɓa shigowa hannunka? Ba za ta shigo ba. To ga duniya nan a gabanmu, ta samu. Ke nan akwai Wanda samuwarsa ba aro ba ce. Wannan shi ne abin da malamai ke kira kore tasalsuli, kuma yana cikin Ummul Barahina ta Imam Sanusi mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, littafin da kakanninmu suka karanta a zaure. Jubairu ɗan Muɗ'im ya ce tun yana mushriki ya ji Annabi na karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba, da aka zo ayoyi na 35 da 36, masu tsare mutum da wannan hujja, sai da zuciyarsa ta kusa tashi.

Ta biyu ta fi nauyi, kada mu raina ta: in Allah mai iko ne kuma mai jin ƙai, don me jariri ke mutuwa da masassarar damina? Don me fari, don me ambaliya? Turawa na jingina wannan tambaya ga wani Bagirike mai suna Abiƙur, kuma girgizar ƙasar da ta rushe birnin Lisbon a 1755 ta sa masanansu irin su Voltaire suka yi ta maimaita ta. Ɗalibanmu na lise suna cin karo da ita a darasin falsafa. Mala'iku ma, a aya ta 30 ta Baƙara, sun tambayi hikimar halittar wanda zai yi ɓarna da zubar da jini, ba a kuwa kore su don sun tambaya ba.

Amsar malamai tana da rassa. Duniya gidan jarrabawa ce, ba a rufe lissafi a nan. Rashin sanin hikimar abu daban, sanin cewa babu hikima daban. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi darasi ce a kan wannan: jirgin da aka huda, ashe hudawar ce ta tsirar da shi. Sa'an nan da yawa daga cikin abin da muke kuka da shi aikin hannun mutane ne. Maganin da aka karkatar, hatsin da aka ɓoye, magudanar ruwan da aka toshe da gini, duk ba daga sama suka faɗo ba. Amma mu faɗi gaskiya, wannan amsa ta hankali ce, ba ta share hawaye. Uwar da ta binne ɗanta jiya ta'aziyya take bukata da wanda zai zauna kusa da ita, ba muhawara ba. Sau da yawa wanda ya yi wannan tambaya da zafi, wani ciwo ne a ransa bai faɗa ba.

Ta uku ƙaddara ce: in an riga an rubuta, mene ne laifina? Kowa na jin bambanci a jikinsa tsakanin hannun da ya ɗaga da niyya da hannun da ke karkarwa don sanyi. A kan na farko ake hisabi. Sanin Allah ya kewaye abin da za ka zaɓa, amma kai ba ka san abin da aka rubuta ba sai bayan ka aikata, don haka ba ka da hujja da shi. Lokacin annobar Amwas a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juyo da tawagarsa daga hanyar Sham. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Saboda haka wanda ya ƙi kai ɗansa likita ko ya ƙi ɗaura gidan sauro da sunan tawakkali, shi ne ke ba mulhidi abin faɗa, ba aƙidar ba.

Kashi na biyu: kimiyya, Alƙur'ani da hadisi

A nan ne mu masu wa'azi muka fi yi wa kanmu rauni. Imamul Gazali ya yi gargaɗi tun a gabatarwar Tahafutul Falasifa game da masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya nuna cewa wanda ya san lissafin da yaƙini, in ka ce masa addini ya saɓa masa, ba lissafin zai yi shakka ba, addinin zai yi wa shakka. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne, Annabi da kansa ya gyara musu, alhali da ya yi shiru da darajarsa ta ƙaru a idonsu.

To mu fa? Shekara nawa muna faɗa a kan mumbari cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta? Mutumin ya musanta wannan labari tun yana raye. Shekara nawa ana cewa Kwamanda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya musulunta? Gidauniyarsa ta ƙaryata, kuma da ya mutu a 1997 a cocin Notre-Dame ta Paris aka yi masa addu'ar jana'iza. Waɗannan labarai suna cikin jerin da muka rubuta, a ƙarƙashin ƙaryace-ƙaryacen masu wa'azi. Yaro ya ji malaminsa ya faɗa, ya bincika a salula cikin minti ɗaya ya ga ba haka ba ne. Daga ranar sai ya soma tambayar kansa, sauran abin da malam ya faɗa fa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi da kyakkyawar niyya. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 Hijira, ya ja kunne a Muwafaƙat kan ɗora wa Alƙur'ani kowane irin ilimi da ƙarfi. Alƙur'ani littafin shiriya ne. In ka ɗaure aya da wani ra'ayin kimiyya na bana, baɗi masu kimiyya su canza, ina za ka sa kanka?

Game da littafin Darwin na 1859 da maganar rikiɗar halittu, tun 1888 Shaihu Husaini Al-Jisr na Ɗarabulus ta Labanan ya tattauna ta a Risalatul Hamidiyya. Ya bambanta tsakanin bayanin yadda halittu ke sauyawa da da'awar cewa babu Mahalicci. Ta farko magana ce ta bincike, ana auna ta da hujjojinta. Ta biyu falsafa ce aka liƙa mata, ba a ɗakin gwaji aka gano ta ba. Sanin yadda gero ke tsirowa bai kore Mai tsirar da shi ba. A kan Annabi Adamu kuwa, jumhurun malamai suna nan a kan cewa halittarsa ta musamman ce kamar yadda nassi ya zo da ita. Ɗalibi ya karanta darasinsa na lakkwal ya fahimce shi da kyau, ya kuma san inda iyakar kowane ilimi take.

Sai batun da ya fi shafar mu a nan Nijar: wai Alƙur'ani iri-iri ne. Yaro ya tashi da allo a kan ruwayar Warshu, ya shiga madarasa ya tarar da Hafsu, ya ji a Fatiha ma wani na jan wasali wani na gajarta shi, ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Sai wani a Turai ya ɗaga mus'hafi biyu ya ce ga asirin da ake ɓoye muku. Wane asiri? Warshu ya karɓa daga Nafi'u makarancin Madina, Hafsu ya karɓa daga Asimu makarancin Kufa, kowanne da isnadinsa har zuwa ga Annabi. Ibnu Mujahid, wanda ya rasu a 324 Hijira, ya tattara ƙira'o'i bakwai a littafi. Imam Suyuɗi, wanda har wasiƙa ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina, ya yi bayanin wannan fanni a cikin Al-Itƙan. Hafsu ya yaɗu a zamaninmu ne musamman bayan bugun Alƙahira na 1924. Abin da ake karantarwa a fili fiye da shekara dubu ba ya zama asiri. A 2015 kuma jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da gwajin wasu warƙoƙi biyu masu ɗauke da yankunan surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha. Gwajin ya nuna fatar da aka yi rubutun a kanta ta tsakanin shekarar 568 da 645 ce. Annabi ya yi wafati a 632. Mu faɗe shi yadda yake: shekarun fatar aka auna, ba na tawada ba. Duk da haka shaida ce mai ƙarfi a kan daɗewar rubutun.

Hadisi ma haka ne. In sun ce akwai hadisan ƙarya, sai mu ce ai mu muka fara faɗa. Ibnul Jauzi ya tara su a Al-Maudu'at don a guje su. In sun ce wasu hadisai na karo da juna, Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 Hijira, littafi guda ya rubuta a kan haka. Matsalar ita ce mai wa'azin da ke kwaso kowace ƙissa mai sa kuka ba tare da ya duba ingancinta ba.

Kashi na uku: tambayoyin da halinmu ya haifar

Wannan kashi shi ya fi yawa a takardar, kuma shi ne ba a amsa shi da baki. Bauta. Auren dole. Yara masu bara da sunan karatu. Kisa da sunan jihadi. Malaman da ke cin kuɗin mutane da sunan magani. A nan, ƴan'uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Muna iya cewa, kuma gaskiya ne, Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta tun 1615 cewa baƙar fata ba dalilin bautar da mutum ba ce. Amma sai a 2003 dokar ƙasar nan ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ta ba wata ƴar ƙasar nan gaskiya, wadda aka sayar tun tana yarinya aka riƙe ta a matsayin wahaya. Muna iya cewa Annabi ya warware auren Hansa'u ƴar Hizam da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Amma yarinya nawa ake kaiwa ɗaki tana kuka a unguwanninmu? Muna iya cewa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya zargi malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma ƴarsa Nana Asma'u ta kafa ƴan taru don karantar da mata. Amma ina ƴan tarunmu na yau? Abin da ya sami Bosso da Diffa tun daga Fabrairun 2015, masu yinsa kabbara suke yi, ko da yake Musulmi ne akasarin waɗanda suka kashe.

Gaskiya ne su ma marasa addini da suka riƙe mulki sun yi ta'asa. Albaniya ta rufe dukkan masallatai da coci-coci a 1967, kuma gwamnatin Khmer Rouge ta karkashe Musulmin Cham a Kambodiya tsakanin 1975 da 1979. Wannan ya isa ya rushe da'awar cewa addini ne tushen kowane zalunci. Amma laifin wani ba ya wanke namu. Wanda ya ga almajiri ɗan shekara shida na rawar ɗari a bakin tasha da asuba, tarihin Albaniya ba zai gamsar da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma mu tuna da Janairun 2015 a Damagaram da Yamai. Wata jarida a Faransa ta yi ɓatanci, mu kuma a nan aka ƙona coci-cocin maƙwabtanmu, aka yi asarar rayuka. Ƙone-ƙonen da aka yi a nan bai taɓa masu zanen ba, sai ma hotunan wutar suka zama hujja a hannun masu sukarmu. Son Annabi wajibi ne, jin zafin taɓa shi alamar imani ce, amma ɗaukar doka a hannu ba koyarwarsa ba ce.

To me za mu yi?

Ɗalibin nan namu, da muka gama, ya gaya mana abin da ya fi shirin ciwo. Ya ce yana ɗan shekara tara ya taɓa tambaya a makarantar allo wa ya halicci Allah, aka zane shi aka ce ya yi saɓo. Tun daga ranar bai ƙara tambayar kowa ba, sai da ya samu waɗanda ba sa dukan mai tambaya. Ba za mu ɗora wa wani malami laifi ba, don mu ma a ƙuruciyar karantarwarmu mun tsawata wa yara a kan irin wannan. Allah Ya yafe mana. Sahabbai sun zo wurin Annabi suna kukan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu wanda ba sa iya furtawa, ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ƙin abin da suke ji shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu. Shehu Usmanu kuma ya yi faɗa da ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin ilimin kalam ba. Ke nan mai shakka daban, mai musu daban, mai izgili daban.

Ga iyaye: in ɗanku ya zo da irin wannan magana, kada ku ɗaga hannu, kada ku yi masa baki, kada ku yaɗa shi a dangi. Zuwan da ya yi wurinku alama ce bai yanke ƙauna ba. In ba ku da amsa ku ce ba ku sani ba, ku kamo hannunsa ku zo tare. Ƙwace salula ba ya ƙwace tambaya.

Ga ɗalibai: ba mu ba ku shawarar sauraron waɗannan shirye-shirye ba, kamar yadda ba a tura wanda bai iya iyo ba cikin kogin Kwara. Kada kuma ku tura wa wani, ko da niyyar a tsine musu ne, don turawar ita ce ribarsu. Amma in ya riga ya shiga kunnenku, ku yi tambaya huɗu. Ayar ko hadisin da aka kawo, me ke gabansa, me ke bayansa? Hadisin ya inganta? Wa ya fassara, kuma ya san Larabci? Sukar a kan addini take ko a kan aikin wasu masu addini? Sa'an nan ku kawo mana. Kun ga amfanin nahawu da balaga ke nan, waɗanda kuke ganin kamar wahala ce kawai.

Ga ƴan'uwanmu malamai: kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. Kada mu shiga muhawara a fannin da ba mu karanta ba. Imam Malik, limamin mazhabarmu, an san shi da yawan cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage shi da komai ba.

A namu ɓangaren, kwamitin masallaci ya amince da abu biyu. Za a ajiye akwati a bakin ƙofar madarasa, da wani a ɓangaren mata. Duk mai tambaya ya rubuta da boko ko da ajami ko da Larabci ko da Faransanci, ba sai ya sa suna ba. Sa'an nan kowane daren Lahadi tsakanin magariba da lisha za mu ɗauki batu ɗaya daga takardar nan, mu kawo shubuhar yadda masu ita ke faɗinta ba tare da ragi ba, mu bi ta da amsar malamai, inda kuma laifin namu ne mu ce namu ne, mu nemi hanyar gyara. Za mu fara da bambancin Warshu da Hafsu, kowa ya zo da mus'hafinsa. Su suna tara batutuwan da za su yi nan gaba, mu ma ga namu mun tara. Rigakafi ya fi magani.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne, wanda ya gani ya gyara mana. Allah Ya tabbatar da zukatanmu da na zuriyarmu a kan imani, Ya shiryi wanda ya ɓace, Ya sa mu zama sanadin shiriya ba sanadin fitina ba. Allah ne mafi sani.